Fijon Baffa da malejin da ke min ƙarya

Sati uku cur nayi ina zargin injin motar nan, har na fara tambayar kuɗin ringi da gasket, ashe injin bai san hawa ba bai san sauka ba. Matsalar tana can ƙasan but, wajen da ko sau ɗaya ban taɓa durƙusawa na leƙa ba tunda motar ta zo hannuna.

Peugeot 504 ce salun, fara, irin wadda ake haɗawa a Kakuri nan Kaduna. Wanda ya tashi a arewa a shekarun 80 da 90 ba sai an masa bayanin Fijo ba, tun 1975 kamfanin ke fitar da su kuma akwai lokacin da in ka tsaya bakin titi ka ƙirga mota goma to da wuya ka rasa biyar masu tambarin zakin nan, motar ma'aikatan gwamnati ita ce, motar tasha ita ce, motar kai amarya ita ce. A Faransa 1968 ta fito amma mu nan sai da muka shigo shekarun 2000 ana haɗa sabuwa. Wannan ta Baffa ce, ƙanin mahaifinmu, shima hannu na biyu ya saye ta. Da Allah ya masa rasuwa ta zauna shekara shida ƙarƙashin darbejiya a gidansa na Zariya, kaji na ƙwai a kujerar baya, da aka zo rabon gado babu wanda ya ko kalle ta, ni nace a yi mata kuɗi na biya magada na sa aka jawo ta.

Batir, wankin tanki, kabureta, fulogi, robobin birki, tayoyi huɗu. Ta tashi. Kuma a cikin gari wallahi daɗi gare ta, kana sakin kuloci sai ta zabura kamar an tsikare ta, ko da lamba biyu ka tashi bata gardama, har na fara cika baki a majalisa cewa motocin yanzu duk gwangwani ne.

Ranar da na ɗauko ta daga Zariya zan dawo Kaduna ne bakina ya mutu. Ina hawa babban titi na sa lamba huɗu na ɗan taka, sai inji ya kama ihu, irin ihun da ke sa hannunka ya tafi neman wata giyar da kansa. Maleji yana nuna 100, amma kowa wuce ni yake, har wata tsohuwar bas da lodin buhuna a sama ta wuce ni direban yana leƙowa. Na kunna taswirar waya, ta nuna 80. Nace ƙila sabis ne. Na ƙara takawa maleji ya kai 125, waya tace 100, inji kuwa kamar zai fito ta bonet ya gaishe ni. Da na iso gida na duba lambobin nan masu ƙirga tafiya, hanyar da kowa ya sani bata wuce kilomita 80 da ɗan wani abu ba ita ta ƙirga min ɗari da 'yan kai. Ga mai kuma, tun da aka cire tallafi a 2023 ai ba wanda zai ga allura na sauka haka hankalinsa ya kwanta.

Bakanike na farko yace kuloci ne ke silif. Na biyu yace inji ya gaji sai an sauke. Na uku yace wayar maleji ce kawai, a canza, ihun kuma wai haka Fijo take. Ni dai na kusa yarda da na biyun don shi ya fi iya magana. Abin da ya hana ni shine da na zauna da daddare na yi tunanin maganar kulocin sai naga bata hau ba. Malejin motar nan daga wutsiyar giyabos yake ɗaukar juyi, wato bayan kuloci. In kuloci na silif inji zai yi ihu ne maleji ya tsaya inda yake. Ni kuma tawa inji da maleji bakinsu ɗaya, tare suke hawa tare suke sauka, kwalta ce kawai bata yarda da su ba. Kenan duk abin da ke faruwa tsakanin wutsiyar giyabos ne da ƙasa, kuma abu biyu ne kaɗai a wajen, taya da aksul. Taya na duba, 175 R14, daidai da abin da salun ke sawa. Saura ɗaya.

Wani abokina ne ya kai ni wajen wani dattijo, gareji ne ɗan ƙarami a bayan layi, ba allo ba komai, sai gawarwakin 404 da 504 da 505 an jingine su kamar makabartar Fijo. Yana zaune a kan tsohuwar kujerar mota yana shan shayi. Na gaishe shi na zayyana masa komai har da lissafina na dare.

Yace "Ɗana, giyarta nawa?"

Nace "Baba, a kan sandar dai biyar aka rubuta, amma ni huɗu nake samu."

Yayi dariya har sai da ya ajiye kofin. Yace "To kan sanda ai naira nawa ne. Wannan na 505 ne wani ya ɗaura. Kai da za ka sa hular soja sai ka zama soja?"

Wannan shine darasin farko a gane giyabos ɗin tsohuwar mota, kuma na san da yawa za su ce ai wannan kowa ya sani, to ni dai sati biyu na yi ina dannan sandar nan gefe ina neman lamba biyar ina cewa ko ta maƙale ne. Fijo 504 mai manuwal yawanci giyabos ɗin da ake kira BA7 ne a jikinta, mai giya huɗu da ribas, kwanson alminiyom, na farko farko ma sandar a jikin sitiyari take kafin a maido ta ƙasa. Akwai mai biyar ɗinsa, BA7/5, wanda aka fi gani a 505 kuma mutane da yawa sun ciro sun ɗaura wa 504, sai kuma BA10 wanda ya fi su ƙarfi ana haɗa shi da manyan injina. Masu atomatik kuwa na kamfanin ZF ne na Jamus, giya uku. Baba ya sa aka hau da ita rami muka shiga da tocila, ya nuna min wutsiyar, yace mai biyar ya fi wannan tsawo don giyar ta biyar a baya aka ƙara mata ɗaki, shi yasa duk wanda ya yi canjin dole ya nemo gajeren furofela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, da gajeren bututun da take ciki, in kuwa ka ga alamar walda a bututun to ka san an yi aikin gaggawa. Nawa ba walda, ba ƙarin ɗaki. Huɗu ne, na asali.

Ya kuma tambaye ni wane mai na zuba a giyabos ɗin, nace giya oyil mai kauri mana. Ya girgiza kai, yace BA7 baƙin man inji yake sha, mai kaurin nan na aksul ne, shi yasa da safe lamba biyu ke min taurin kai. Wannan ban zo dominsa ba amma na tafi da shi.

To sai aksul. Bari in ɗan yi bayani don wanda bai taɓa ganin cikinsa ba, don ni ma kafin ranar sunan kawai na sani. A cikin tulun nan da ke tsakiyar tayoyin baya akwai ƙarfe biyu masu haƙora da ke cizon juna, ƙarami mai kamar kan abarba shine finiyon, shi furofela ke juyawa, sai babban faifai da ake kira kuranwil, shi ke juya tayoyi. In ka ƙirga haƙoran babban ka raba da na ƙaramin, abin da ya fito shine sau nawa furofela zai juya kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Salun ɗin 504 da aka fi sani 35 ne da 9, ka raba ka samu 3.89. In lambar ta yi sama, kamar huɗu da wani abu, mota za ta yi ƙarfin ja da saurin tashi amma gudunta ya ragu inji ya riƙa wahala a doguwar hanya, in ta yi ƙasa kuma sai ta yi sanyin tashi amma ta miƙe a titi shiru. Su a gareji ba ruwansu da ɗigo kaza, cewa suke aksul mai gudu da aksul mai ja, shikenan. Kamar keke ne mai giya, faifan da kake hawa tudu da shi ba da shi kake tsere ba.

Kafin in je wajen Baba na kwana biyu ina kallon bidiyon 'yan Amurka masu gyaran tsofaffin motocinsu, kuma gaskiya su an gama musu aiki. Mutum zai kwanta ƙarƙashin mota ya ƙirga notunan farantin man giyabos kawai ya faɗa maka sunansa, in Ford ce noti 11 C4 ne, 17 kuma C6, in ta General Motors ce noti 13 da faranti mai kusan murabba'i an yanke kusurwa ɗaya TH350 ne. Aksul ma haka, wai mai noti goma da mai noti sha biyu, Ford kuma tana ɗaura wani ɗan ƙarfe a jikin noti an buga lamba, in ka ga 3L50 to 3.50 ne kuma L ɗin na nufin irin aksul ɗin nan mai kama tayoyin biyu tare. Tsofaffin Marsandi ma ana buga lambar a jikin kwanson, ka goge ka karanta 3.69 ko 3.46 ka tashi. Na zo da wannan ilimin nawa ina ta rawar kai, muka wanke tulun aksul ɗin da kananzir da buroshi, laka ta shekara da shekaru ta zubo, muka ga wasu lambobi. Nace Baba ga shi nan. Ko kallo bai yi ba. Yace "Lambar kwanso ta kwanso ce. Motar da ta shekara arba'in a ƙasar nan, hannu nawa ya shiga cikinta? Tukunya ka karanta, ni miyar nake tambaya."

Kuma gaskiyarsa. Farantin da ke ƙarƙashin bonet da takardun mota da lambar jikin kwanso duk labarin ranar da ta fito daga kamfani suke bayarwa. Abin da ke ciki yau sai an ƙirga.

Hanyar da 'yan bidiyon ke bi mai sauƙi ce, ka ɗaga taya, ka sa alli a jikin furofela, ka juya taya kana ƙirga sau nawa allin ya wuce. A Hilux ko tsohuwar Marsandi ko Datsun haka za ka yi minti biyar ka gama. Amma 504 ta rufe wannan ƙofar, don furofelanta ba a waje yake ba, a cikin wani bututun ƙarfe yake wanda aka ɗaure daga wutsiyar giyabos har jikin aksul, ba abin da kake gani yana juyawa. Wannan bututun na cikin abin da yasa motar ta jure hanyoyinmu, dutse bai samun furofela, laka bata samunsa, amma ranar da kake son ƙirga sai ya zame maka katanga. Na tsaya ina kallonsa ina tunanin sai an sauke komai kenan.

Baba yace a cire fulogai huɗun, a cire kan batir, a sa ta lamba huɗu.

Dabarar ita ce, a giyabos irin wannan lamba huɗu kai tsaye ce, juyi ɗaya na inji juyi ɗaya ne na furofela, ba ƙari ba ragi. Kenan fulin kuranshaf, wato faifan ƙasa da ke gaban inji wanda bel ke zagayawa a kansa, ya zama madubin furofelan da ba ka gani. An cire fulogi ne don inji ya juya sakayau ba matsin iska, an cire batir don kar tsautsayi ya sa ta tashi da mutum a gabanta. Ko mai giya biyar ce da kai lamba huɗun dai za ka sa, don ta biyar ƙasa da ɗaya take, wajen 0.8, za ta ɓata maka lissafi. Atomatik kuwa wannan dabarar bata aiki sam, don tsakanin injinta da giya mai ne ke haɗa su, in inji a kashe yake taya na juyawa shi ko motsi.

Gwajin farko turawa muka yi. Aka ja layi da alli a gefen tayar baya da ƙasa, aka sa ɗigo a fuli, yara uku suka tura a hankali, ƙaramin cikinsu yana tafe gefen bonet ya zura kai yana ƙirgawa da ƙarfi, ni kuma ina bin taya a tsugune kamar agwagwa. Zagaye biyar na taya, wajen mita goma kenan don tayar nan duk zagaye ɗaya kusan mita biyu take ci. Na ce tsaya. Yaro yace ashirin da takwas. Na danna a waya, 5.6. Nace Baba wannan ai tirela ce. Baba ya taso ya leƙa, ya kama kunnen yaron a hankali ya juyo da kansa, ashe ɗigon a fulin sama ya sa, na famfon ruwa inda fanka take, shi kuma girmansa daban da na ƙasa don haka juyinsa daban. Duk wanda zai gwada wannan dan Allah fulin ƙasa, wanda ke jikin kuranshaf, ba wanda ya fi sauƙin gani ba.

Na biyun a tsaye muka yi, kuma shi na fi ba mutum shawara don ba gudu ba haki. Aka sa waigi a tayoyin gaba, aka sauke hambirki, aka ɗaga tayar baya ɗaya tak da jak aka tokare da ƙarfe, ɗayar tana ƙasa. A nan akwai abin da ke rikita mutane. In taya ɗaya ce a sama ɗayar a danne, ƙananan giyoyin da ke cikin aksul, waɗanda ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana, suna sa wadda ke saman ta yi juyi ninki biyu. Don haka zagaye biyu na taya shine daidai da zagaye ɗaya na kuranwil. Wanda bai san wannan ba zai juya sau ɗaya ya samu kusan biyu ya ce aksul ɗinsa na jirgin sama ne. Sannan kar ka tsaya a zagaye biyun, don bambancin 3.89 da 4.11 a ido ɗan kwata ne na juyi, ba za ka rantse a kansa ba. Juya taya sau goma, ka raba abin da fuli ya yi da biyar. In 3.89 ne za ka ga 19 da kusan rabi, in 4.11 ne 20 da rabi, in 4.22 ne 21 da ɗan ɗoriya, kowanne ya fita daban ba gardama.

Af, kafin nan ma Baba sai da ya sa aka ɗaga duka biyun ya juya ɗaya da hannu a firi yana kallon ɗayar. Ta juya baya, yace to na gama gari ne. Da ta bi ta gaba tare to mai kamawa ne, irin wanda wasu fikof da wagon suka zo da shi, shi kuma ba a masa lissafin ninki biyu, tayoyin biyu za ka ɗaga ka ƙirga zagaye ɗaya a matsayin ɗaya.

Ni na riƙe tayar da kaina. Tana da ɗan nauyi don inji kake juyawa ta baya, kana jin iska na fita ta ramukan fulogi fus fus fus, Baba da kansa ya tsaya a kan fuli da tocila a baki. Ɗaya, biyu, uku, ina kallon bawul ɗin taya yana dawowa wajen allin. Da na kai takwas naji yace sha tara da rabi ta hancinsa, gabana ya faɗi don ni saura biyu. Goma. Ya cire tocilar yace ashirin da huɗu, da kusan rabi.

24.4 raba biyar, 4.88.

Baba bai ko nemi waya ba yace "Takwas da talatin da tara. Na motar lodi ne, irin na fikof." Na raba 39 da 8 ya ba ni 4.875. Sai na raba wannan da 3.89 naga 1.25, wato ƙarin kwata cif, kuma shine dai ƙaryar da maleji ke min, 100 a maimakon 80, 125 a maimakon 100. Malejin ma ashe ba ƙarya yake ba, an saita shi ne da sanin cewa duk juyi 3.89 na furofela mota ta ci mita biyu, ba wanda ya je ya faɗa masa an canza. Na ƙara lissafawa, a gudun 100 na gaskiya tayar nan tana juyi wajen 860 a minti, da aksul ɗin asali inji zai riƙa yin wajen 3,300 kenan, da wannan kuwa ya kusa 4,200. Inji mai lita biyu na zamanin da, a riƙe shi a 4,200 daga Zariya har Kaduna, ai dole ya yi kuka, ni ma da ni ne zan yi.

Tunda an riga an ɗaga, muka maimaita a lamba ɗaya don a tabbatar ba a taɓa cikin giyabos ba. Wannan da wahala a hannu, taya bata son juyuwa, sai da yara biyu suka kama kuma zagaye biyu kawai muka iya. Fuli ya yi wajen 18, ka raba da 4.875 ka samu kusan 3.7, Baba yace haka lamba ɗayan BA7 take, a bar shi ya huta.

Bayan kwana biyu aka sauke aksul ɗin aka buɗe don dama yana ɗan yoyon mai. Na sa alli a haƙori ɗaya na bi su da yatsa, 39. Finiyon 8. Lafiyarsu ƙalau, sumul, ba ko tsaga. Ina ƙirgawa ne na lura lambobin nan duk wasu iri ne, 35 da 9, 39 da 8, 38 da 9, ba wanda ke rabuwa da ɗan uwansa daidai, na tambaya. Baba yace da gangan ne, don kowane haƙori na ƙaramin ya zaga ya gaisa da kowane haƙori na babban, in da 40 da 8 ne to kullum haƙora ɗaya ne za su riƙa haɗuwa, in ɗaya ya samu tabo sai ya cinye abokinsa. Daga nan ya jawo wani tsohon aksul ɗin 404 daga ƙarƙashin benci ya nuna min, shi ba finiyon gare shi ba, wani ƙarfe ne mai murɗi kamar sukuru yana juya faifan tagulla, 5 da 21, wato 4.2, kuma mansa daban ne, yace ba adadin waɗanda suka mutu a garin nan don an zuba musu giya oyil na kasuwa ya cinye tagullar. Na kusa awa a wajen ina saurare, shayinsa ya huce bai sani ba.

Abin da ya rage min shine waye ya yi wannan aikin kuma don me. Na tafi da niyyar in ce wani bakaniken ne ya cuci Baffa ya sace na asalin ya sa masa abin da ya samu. Da naje Zariya gaishe da Inna, matarsa, na kawo maganar ina ɗan ɓata rai a madadinsa. Tace "Wa ya cuce shi? Shi ya je ya nema da kuɗinsa." Wai shekarar da ya karɓi gonar nan ta bayan rafi, da damina motar bata iya fita daga gangaren da taki a but da kujerar baya, sau biyu ana kiran mutanen ƙauye su turo, ya dawo ransa a ɓace yace ko dai ya sayi a-kori-kura ko ya mai da wannan a-kori-kura. Kuɗin fikof bai samu ba. Tace daga ranar da aka canza bata ƙara kwana a rafi ba, kuma shi Baffanka ina yake zuwa da gudu, daga gida sai gona sai masallacin Juma'a.

Sai naji kunya ta kama ni, don na yi sati ina zagin aikin a zuciyata ina cewa aikin jahilci. Mutumin ya san abin da yake so kuma ya samu. Ni ne dai buƙatata ta bambanta, ni hanyar Kaduna zuwa Zariya nake bi duk sati, wani lokacin har Kano, ba taki nake ɗauka ba.

Na yi tunanin barin aksul ɗin in nemo giyabos mai biyar, don 4.875 sau 0.8 yana dawowa kusan 3.9, kaga na samu biyun kenan, ƙarfin ja a ƙasa da shiru a titi. A takarda ya yi kyau. Amma sai an nemo bututu da furofela nasa, ga maleji zai ci gaba da ƙaryarsa sai an canza ɗan giyar da ke juya wayarsa, ga lamba ɗaya ta zama kusan bata da amfani a gari, kuma mai biyar mai lafiya yanzu nemansa sai an sha rana. Baba yace in dai asali nake so in koma asali.

Muka shiga Panteka, kasuwar kayan gyara ta Kaduna, ni da babban yaronsa. Shago na farko mai kayan ya ɗauko wani yace wallahi na salun ne mai gudu, daga jikin mota ya cire da hannunsa. Na fito da alli daga aljihu, ya bi ni da kallo. 38 da 9. Nace Alhaji wannan na wagon ne, yace ai duk ɗaya ne, nace a'a. Shago na huɗu muka samu 35 da 9, kuma na tabbatar tare suka fito don kuranwil da finiyon ba a aurar da na wannan da na wancan, tun a kamfani ake goga su da juna su saba, in ka haɗa baƙi biyu za su riƙa kuka kuu a hanya har su cinye kansu. Ɗaurawar ma ba a bar wa yara ba, Baba da kansa ya zauna ya shafa wani shuɗin abu a haƙoran yana juyawa yana duba inda suke cizo, ya cire ya ƙara siririn wasa ya mayar, sau huɗu, kusan yini guda.

Ranar Asabar na hau titin Zariya da waya a manne a dashbod. Maleji 100, waya 97. Har ina jin rediyo. Tashin nan nata na zabura ya tafi kam, yanzu sai na bi ta lamba ɗaya kamar kowa, kuma a ɗan tudun shiga layinmu da mutum biyar a ciki sai da na sauko lamba biyu inda da a uku take haurawa tana dariya.

Kuranwil da finiyon na Baffan na wanke su na shafe da giris na naɗe a buhun siminti, suna cikin sito. Ƙanina da ya karɓi gonar bayan rafin ya riga ya turo saƙo sau biyu yana tambayar ko motar na nan da damina.